Shebur ɗin Dogo

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya haƙuri da marasa lafiya, da kuma 'yan'uwansu, waɗanda na ji an ce sun fi marasa lafiyar wuyar sha'ani? Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata ta hagu da ta fara ba ni labarin damina tun kafin rediyo ya sani. Innarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki tana shan maganin. Ni dai na ga kwalbar, ban ga shan ba.

Na san za ki ce me ya hana Kawu ɗaukar waya. Waya ba ta barin tsoho ya ja numfashi, kuma kunnena yanzu sai abin da ya ga dama yake ɗauka. Direba yana bi ta garinku da babbar motarsa, ya ce takarda ba za ta karya masa taya ba.

Bayan haka, Dogo magini ya rasu. Bai yi doguwar jinya ba, ya tafi yadda yake aiki, ba surutu. Mun yi kuka mun share hawaye, sai yanzu muka fara gane abin da muka binne.

Kin san lungunmu gangare ne. Shagona na gyaran agogo yana can sama, ɗakin Innarki yana ƙarshen gangaren, kwata ɗaya ce ta ratsa ƙofar kowa, ta bi gindin bangonta kafin ta faɗa babban lambatu. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, Dogo kan fito da safe da shebur ɗinsa, ya buga shi a kan dutsen bakin famfo, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya shiga kwata ya fara yasa. Ba ya kiran kowa, ba ya ma ɗaga kai. Amma wane ne zai iya ci gaba da kwanciya yana jin mai furfura yana kwashe ƙazantar ƙofar gidansa? Kunya ce take fito da mu, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar da ma yana shirin fitowa. Kafin rana ta yi zafi an yashe daga sama har ƙasa, mata suna miƙo ruwan sha, ana yi wa juna ba'a.

Ba wanda ya naɗa Dogo, shi ya sa ba wanda ya san yadda ake gadonsa. Yanzu hadari ya fara leƙowa, kowa yana kallon maƙwabcinsa. Mahauci ya ce Tela ya fara, shi ne babba. Tela ya ce Mahauci ya fara, tunda rabin abin da ke cikin kwatar daga gidansa ya fito. Suna faɗa suna dariya a kan benci ɗaya, kwata kuwa ta cika da leda da yashi har ciyawa ta tsiro.

Jiya na gangara na dafa bangon Innarki. Akwai wata tsaga da ɗan yatsana yake shiga. In ruwa ya tsaya a gindinsa, ba na jin zai kai ƙarshen damina.

Matar Dogo ta aiko mini da shebur ɗin, ta ce ba ta iya kallonsa. Yana nan bayan ƙofar shago, muna kallon juna.

Ni ne kawunki.

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kuma ka rage zaman benci tun safe har yamma. Inna kuwa, don Allah ka tsaya a kanta ta haɗiye a gabanka, na san halinta. Allah ya jiƙan Baba Dogo. Ina tuna yadda yake ɗora ni a baro ya tura ni har bakin lambatu ina ihu.

Kawu, maganar bangon nan ta hana ni sukuni. Amma ka gafarce ni, ba laifin mutuwa ba ne. Lungu guda ya jingina da mutum ɗaya shekara da shekaru, ai dole ranar da ya gusa kowa ya faɗi. A nan wurin aikinmu mun sha rigima a kan rabon aiki, kullum wata tana ganin an cuce ta, har muka zaɓi wakiliya. Kowacce ta rubuta sunan da take so a 'yar takarda ta jefa a akwati, ba wadda ta san abin da 'yar'uwarta ta rubuta. Tun daga ranar muka sami lafiya, domin wadda ka zaɓa da hannunka ba ka jin nauyin bin maganarta.

Ku ma ku yi haka. Ku zaɓi shugaban lungu, ya sa ranar yasa, kowa ya fito. Mata ma su jefa ƙuri'a, tunda ruwa ba ya tambaya ko ɗakin namiji ne ko na mace. Dimokuraɗiyya ba sai a manyan ofisoshi ba, Kawu, a bakin famfo ma tana zama. Ka karanta musu wannan takarda a benci, suna jin maganarka.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gasa gwiwa, ta ce in gode miki, amma ba ta ce za ta daina ba. Innarki ta haɗiye a gabana tana harara ta kamar ni na haɗa maganin.

Na karanta takardarki a benci, na ma ƙara mata gishiri a inda na ga ya kamata. Kowa ya yarda da zaɓe. Akwatin ne aka ƙi.

Mahauci ya ce, "Akwati? Kawu, akwatin zaɓe ai zomo ne. A rufe shi da ciki ɗaya, a buɗe a tarar ya haihu."

Tela ya ce, "Wallahi. Ni tun ina da gashi nake jefa ƙuri'a, ban taɓa ganin ta fito yadda na jefa ta ba. Mu da muka san juna tun ana goya mu, me za mu ɓoye? Kowa ya tsaya bayan wanda yake so, ido ya ƙirga."

Suka tafa. Ki riƙe wannan tafin, 'yata, ban sake ganin irinsa ba. Ni ma na gyaɗa kai, don ni ma akwati ya sha cinye mini ƙuri'a bai ce na gode ba. Da aka tambayi masu son tsayawa kuwa, sai su biyun nan suka miƙe, kowa yana cewa jama'a ce ta matsa masa.

Ranar zaɓe Mahauci ya tsaya a bakin famfo, Tela ya tsaya a gindin falwaya. Aka ce ni zan ƙirga, wai mai gyaran agogo ba ya kuskuren lissafi, don haka ban shiga layin kowa ba. Tsakanin famfo da falwaya, in kin tuna, tofin yawu ne. Amma na ga mutanen da tafiyar ta yi musu nisa kamar za su wata ƙasa. Mai shayi ya zo tsakiya ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafarsa. Na ga miji a nan, mata a can, suna kallon juna kamar yau suka fara haɗuwa. Su kuwa 'yan takara, maimakon su fuskanci gaba, sai waiwaye suke yi. Ba waɗanda ke bayansu suke dubawa ba, waɗanda ba sa bayansu suke haddacewa.

Sai ga Innarki ta hauro gangare a hankali, tana dafa bango. Kin san tun rasuwar babanki Mahauci bai taɓa yanka ba tare da ya aika mata 'yar tsoka da ƙashin miya ba. Kin kuma san matar Tela ce ta kwana ta tashi a kanta lokacin da ta yi ciwon nan. To mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Ta zo daidai famfo, Mahauci ya matsa mata wuri yana murmushi.

Ya ce, "Yaya, nan ne fa."

Ta ce, "Na gani, ɗan nan."

Ta wuce ta tsaya bayan Tela. Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma ya bushe a wurin kamar fenti.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa da ƙarfi kowa yana ji. Mahauci ya ci da 'yan kawuna kaɗan. Ba wanda ya ce an yi maguɗi, ina za a ce, ga ido ga ido. Tela ya miƙa masa kan yatsu suka gaisa.

An yi lafiya an tashi lafiya, ba a fasa kan kowa ba. Kowa ya koma gida ya san inda maƙwabcinsa ya tsaya.

Kawunki.

*

Kawuna,

Barka, barka! Ina gaishe ka, ina gaida Inna, ina gaida lungu gaba ɗaya. Ni lafiya lau, sai aiki da ya yi yawa.

Wallahi na yi murna har na karanta wa abokan aikina takardarka, suka yi ta dariyar mai shayi da silifansa. Ka ga abin da na faɗa maka? An yi lafiya an tashi lafiya, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, ba munafunci. Layi ko akwati duk ɗaya ne, muddin an ƙirga gaskiya. Inna kuwa ta burge ni, ka ce mata 'yarta tana alfahari da ita. Baba Mahauci mai hankali ne, ba zai riƙe ta a rai ba, ai zaɓe ne ba gaba ba.

Na san zuwa yanzu an yashe kwata. Ka sa a liƙe tsagar bangon da siminti tun da sauran rana.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya gwargwado. Innarki tana ɗan tari, na danshi ne.

Motar Direba ta lalace a hanya, ta yi kwana da kwanaki a garejin wani gari. Takardarki ta iso da tabon baƙin mai, bayan an yi ruwan farko. Na karanta murnarki kamar barkar da aka kawo bayan an naɗe tabarmi.

Kakarmu, Allah ya jiƙanta, tana ba mu labarin wasu kaji da suka ce zakaru biyu sun yi yawa a akurki ɗaya, a zaɓi mai yin cara. Aka zaɓa. Da asuba ya yi cara, kajinsa suka fita kiwo. Waɗanda zakaransu ya faɗi suka runtse ido suka rantse gari bai waye ba. Rana ta take, suna ciki, suna cewa ai dare ne. Mukan tambaye ta, to yaya aka ƙare? Sai ta ce, "Ku je ku tambayi muzuru." Ina yaro na ɗauka labarin kaji ne.

Mahauci ya sa ranar yasa. Mutanensa suka fito da shebur. Mutanen Tela suka fito da kujeru, suka zauna a ƙofar gidajensu suna cewa, "Sannunku da aiki, ku da kuka zaɓa." Masu yasa suka ji zafi. Duk ƙofar da suka zo, in ta wanda ya tsaya a famfo ce sai su yashe, in ta ɗan falwaya ce sai su tsallake. Ba su buƙatar tambaya, kowa ya haddace. Yawancin mutanen Mahauci kuwa a sama suke. Da suka kai tsakiyar gangare suka saɓa shebur suka koma.

Da ba a taɓa kwatar ba sam, da ya fi mana. A da ruwa yana saukowa yana tuntuɓe, yana tsayawa nan da can. Yanzu an share masa hanya daga sama, yana gangarowa kamar an koro shi, ya zo ya tarar da ƙasa a toshe, ya tsaya a gindin bangon Innarki yana tunani. Ruwan farko yayyafi ne, amma ya taɓa dokin ƙofarta.

Na je wurin Mahauci, na same shi yana wasa wuƙa. Na ce masa ai shi shugaban kowa ne yanzu.

Ya ce, "Kawu, wadda ta wuce ta gabana a bainar jama'a, na matsa mata wuri ta ƙi? Ta je shugabanta ya yashe mata. In na yi wa waɗanda suka ƙi ni daidai da waɗanda suka so ni, gobe wa zai tsaya a bayana?"

Na gangara wurin Tela, keke yana ta gudu. Na ce to ku ku yashe naku ɓangaren, ai ƙofofinku ne.

Ya ce, "In mun yashe, wa za a ce ya yi? Shi. A bar ruwa ya yi magana, Kawu, kowa ya ga irin shugaban da aka zaɓa."

Na ce, "Ruwan nan fa a ɗakin matar da ta tsaya a bayanka zai yi maganar."

Ya ce, "Allah ya kiyaye." Ya ci gaba da taka keke.

Benci ya zama biyu yanzu. Ana zaɓen wanda za a sayi shayi a wurinsa, ana zaɓen wanda za a amsa wa sallama. Tsoka da ƙashin miya sun daina gangarawa. Shawararki ta yi saiwa, 'yata, har ta fara 'ya'ya.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Na karanta layinka na ƙarshe har na haddace shi. In laifina kake gani, ka fito ka faɗa, ba sai ka naɗe shi da labarin kaji ba. Ni akwati na ce, ban ce layi ba. Kai kana wurin, kai ka ƙirga, me ya hana ka hana su? Kuma da ka rubuto cewa kowa ya san inda maƙwabcinsa ya tsaya, ta yaya zan gane kuka kake yi? Kullum maganarka da dariya a bakinta, mutum bai san lokacin da wuta ta kama ba.

Har yanzu ban yarda zaɓe ne ya ɓata ku ba. Mutum yana da haƙƙin ya tsaya inda yake so ba tare da an hukunta shi da ruwa ba. Amma ba wannan ne a gabana ba yanzu, Inna ce. Tarin nan bai yi mini daɗi ba. Ka nemo 'yan ƙwadago daga wata unguwa su yashe ƙasan, ni zan ji da su. In ya gagara, ka ɗauke ta ta koma ɗakin bayan shagonka. Kuma Kawu, shebur ɗin Baba Dogo yana bayan ƙofarka. Kai ma kana da furfura. Ka fita ka buga shi.

An hana mu hutu saboda ƙarancin ma'aikata, da yau na taho. Ka yafe mini kaifin baki.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa da fatan zuciya ta sauka. Tarin Innarki yana nan, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Ban ɗora miki laifi ba. Wanda ya ba ka iri ba shi ya zaɓa maka gona ba. Bakina ne haka, tun ina yaro in abu ya yi mini ciwo sai ya fito da dariya, kakarmu ta sha marina a kan haka.

Na bi maganarki ɗaya bayan ɗaya. Na nemo 'yan ƙwadago biyu. Ba su cika baro ɗaya ba yaran Mahauci suka zo suka ce ba a aiki a lungu sai da izinin shugaba, wai so ake a nuna ya gaza. Kafin in buɗe baki mutanen Tela suka zo ta ɗaya gefen suka ce a bar kwata yadda take, shaida ce. Tun ranar zaɓe ban ga sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai a nan. 'Yan ƙwadagon suka kalli juna suka ce su abinci suka fito nema, ba kotu ba.

Na ce wa Innarki ta hauro wurina. Ta ce ɗakin da babanki ya ɗora tubalinsa da hannunsa, ruwan kwata ba zai fitar da ita ba. Kin san ta, in ta kafe ko jaki sai ya sara mata.

Saura shebur. Na fito da shi da safe, na tsaya a bakin famfo, na buga a kan dutsen nan, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Auta, ƙarar ba ta canza ba ko kaɗan. Na ji ana zare sakata nan da can. Ƙofofi suka buɗe, mutane suka fito, sama da ƙasa. Na ce a raina, ashe Dogo bai mutu ba.

Sai na lura hannun kowa wayam.

Mai shayi ya matso ya rage murya ya ce, "Kawu, takara za ka tsaya? Ka gaya mini tun da wuri in san inda zan sa ƙafa."

Mahauci ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Wani ɗan falwaya ya ce, "Kawu, kada ka wanke masa laifi."

Ban amsa wa kowa ba, tunda Dogo ma ba ya amsawa. Na gangara na shiga kwata a gindin bangon, na fara yasa. Innarki ta fito da tsohon daro tana kwashewa tana tari. Tsofaffi biyu, lungu guda yana kallo. Matar Mahauci ta fito da bokiti har ta yi taku biyu, mijinta ya yi gyaran murya, ta juya ta shige. Na yi abin da bai fi tsawon tabarma ba gwiwa ta ce ta gama. Da yamma aka yi ruwa, yashin sama ya sauko ya cike wurin kamar ban taɓa ba.

Kunya Dogo yake kira da shebur ɗin nan, ita take fitowa da mutane. Yanzu kowa ya sami dalili, mai dalili kuwa ba ya jin kunya.

Tsagar tana ɗaukar tafin hannuna yanzu.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa. Direba ya zo sau biyu ba takarda. Na tambaye shi, ya ce a gareji yake kwana, bai shiga lungu ba, amma ana ruwa sosai a wajenku. Na kira wayar matar Tela ba ta shiga. In fushi kake da ni, ka yi fushin bayan ka gaya mini halin da Inna take ciki. Layi ɗaya ya isa, ko ba gaisuwa.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Innarki tana da rai, tana nan kusa da ni tana gyara mini zaman kwalaben shago ba wanda ya sa ta. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Yanzu kuma gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ba fushi na yi ba, hannuna ne ya ƙi riƙe biro.

Bango ya faɗi. Ranar tun safe gabas ta yi baƙi ƙirin, na aika a ce mata gwiwata ta kumbura ba na iya tashi, dabara ce kawai don in raba ta da ɗakin. Ta hauro tana faɗa, da tsumma da ruwan zafi. Tana cikin gasa mini lafiyayyar ƙafa aka tsuge da ruwa. Bayan azahar muka ji wani gum daga ƙasa, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhu. Ta tsaya da tsumman a hannu. Ta matse shi ta ci gaba da gashi.

Gadonta, akwatin babanki, hotonki na gama makaranta, duk suna ƙarƙashi. Mun tsamo tukunya biyu da daron nan.

Washegari lungu gaba ɗaya ya hallara a kan ɓaraguzan. Ko ranar zaɓe ban ga taro haka ba. Tela ya hau kan tubalin babanki ya ce, "Ga aikin shugabanku, ku gani da idonku." Mahauci ya hau ɗaya gefen ya ce, "Ga aikin masu zama a kujera." Aka yi ta tafi ɓangare biyu. Ba wanda ya ɗaga tubali ɗaya, sai dai don ya nuna wa jama'a ya mayar.

An yanke za a sake zaɓe. Mai shayi ya ce wannan karon a gwada akwati, aka yi masa dariya, kuma da gaskiyarsu. Me akwati zai rufe, bayan kowa ya riga ya ga cikin ɗan'uwansa?

Innarki ta zama mai daraja yanzu. Tela ya zo da kansa ya durƙusa, yana so ta tsaya a gaban layinsa, kowa ya gan ta. Da yamma sai ga tsoka da ƙashin miya daga gidan Mahauci, a naɗe da takarda, da saƙon cewa abin da ya wuce ya wuce, wurinta yana nan a bakin famfo. Ta daɗe tana kallon naman. Ta ce mini, "Yaya, da ina da ɗaki ba wanda ya san hanyar gidana. Yanzu da ba ni da shi kowa yana so in tsaya masa. A ina zan tsaya?"

Ta ce za ta zo wurinki. Direba zai ɗauke ta a gaban mota in ya juyo, ki tanadar mata wuri. Kada ki yi mata wa'azin haƙƙi, ta riga ta yi amfani da nata.

Kwata tana nan yadda take. Gidan mai shayi ne na ƙarshe a gangare yanzu, ruwa ya fara zuwa yana duba gindin bangonsa. Shi kuma a layin famfo ya ƙarasa tsayawa ranar nan, don haka 'yan falwaya sun fara cewa a bar ruwa ya yi magana.

Jiya Mahauci ya aiko a ba shi aron shebur ɗin Dogo, yana so ya riƙe ranar zaɓe. Kafin ɗan aiken ya fita, na Tela ya shigo da buƙata iri ɗaya. Na ce musu ya ɓata. Na naɗe shi da buhu na sa a cikin kayan Innarki. In ya iso ki jingine shi a bayan ƙofa. A garinku ba wanda ya san Dogo, a can shebur ne kawai.

Maganinta yana cikin daro. Ki tsaya a kanta ta haɗiye.

Ni ne kawunki.